Zuwa Makaranta Daban, Koyo Daban: Sharhi Kan Nasarar Ɗan Firamare a Wushishi

Duk ƙarshen zangon karatu, da zarar an raba wa yara katin sakamako, gardama iri ɗaya ce ke tashi a majalisun Wushishi da Zungeru da ƙauyukan da ke kewaye da su. Wani uba na alfahari ɗansa ya zo na ɗaya. Wani na kukan nasa ya kai aji biyar amma in an miƙa masa waya ba ya iya karanta saƙon da ke ciki. Wani kuwa ya riga ya yanke hukunci cewa makarantar gwamnati ta mutu, mai hali ya kai 'ya'yansa ta kuɗi. Malamai su ce iyaye ne ba sa turo yara, iyaye su ce malamai ne ba sa koyarwa, daga ƙarshe a taru a ɗora wa gwamnati.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Abin da ke hana gardamar ƙarewa shi ne ana cakuɗa abubuwa uku waɗanda ba ɗaya ba ne: sa sunan yaro a rajista, zuwansa aji kullum, da abin da ya zauna a kansa. Makaranta tana iya cika maƙil ba tare da ana koyon komai ba, yaro kuma yana iya zuwa na ɗaya a ajin da babu wanda ya iya karatu. Sai an raba waɗannan ukun kafin a san abin da ya cancanci a kira nasara.

Ma'anar wasu kalmomi

Firamare kalmar aro ce daga Turanci, tana nufin matakin farko na karatun boko, aji ɗaya zuwa shida, wanda yaro ke farawa yana ɗan shekara 6. Dattawa sun san ta da sunan elemantare. Kafin ta akwai shekara guda ta share fage, wadda ake kira rabin aji, bayanta kuma ƙaramar sakandare ta shekara 3. Shida da ukun nan, wato shekara 9, su ne doka ta kira ilimin bai-ɗaya.

Rajista ita ce shigar da sunan yaro a littafin makaranta. Halarta ita ce zuwansa aji a kowace rana. Koyo kuwa shi ne abin da ya iya yi da kansa bayan an koya masa. Masana ilimi sun ware abu biyu suka kira su ƙwarewar tushe: karatu tare da fahimtar abin da aka karanta, da lissafin farko, wato tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. A kansu ne sauran darussa suka dogara. Bankin Duniya da hukumar UNESCO sun fito da wani ma'auni a 2019 da suka kira talaucin koyo, wanda ke ƙirga yara 'yan shekara 10 da ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi.

Akwai kuma awon fahimta a kai a kai, wanda malamai ke kira CA. Shi ne makin gwaje-gwajen aji da aikin gida da ake tarawa a cikin zango, a haɗa da na jarrabawa, domin kada a auna yaro da abin da ya rubuta a yini guda kaɗai.

Yadda aka zo nan

Karatu ba baƙo ba ne a wannan yanki. Wushishi tsohon gari ne mai alaƙa da gidan sarautar Nagwamatse na Kontagora, kuma makarantar allo ta daɗe a cikinsa kafin zuwan Turawa. Zungeru, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Wushishi, ita ce hedikwatar mulkin Arewa tun daga 1902 kafin a mayar da ita Kaduna, a can ne ma aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. 'Yan mishan sun buɗe tasha a Wushishi tun farkon ƙarni na 20, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909. Zuwan boko tare da baƙon mulki da baƙon addini shi ne tushen ɗari-ɗarin da iyaye da yawa suka daɗe suna yi da shi.

Duk da haka yankin ya fitar da mutanen da suka yi fice ta hanyar karatu. A Kagara, maƙwabciyar Wushishi, aka haifi Abubakar Imam a 1911, marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, littattafan da ɗaliban Arewa suka ƙware a karatun Hausa da su shekara da shekaru. Janar Muhammadu Inuwa Wushishi ya riƙe muƙamin hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1981 zuwa 1983. Sai dai a wancan zamani 'yan makaranta kaɗan ne, aji bai cika ba, malami ya san kowa da sunansa.

Babban sauyi ya zo a 1976. A watan Fabrairu aka ƙirƙiro Jihar Neja, wadda Wushishi ke cikinta, a watan Satumba gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Yara suka yi tururuwa fiye da yadda aka yi hasashe, aka horar da malamai a gaggauce, aka gina ajujuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, albashi ya fara makara, gine-gine suka lalace. A Satumbar 1999 aka sake sabon shiri a Sakkwato mai suna UBE, aka ba shi ƙarfin doka a 2004. A cikin wannan tafiya duka, abin da gwamnatoci suka fi ƙirgawa shi ne yawan yaran da aka shigar da yawan ajujuwan da aka gina. Tambayar ko yaran sun iya karatu ta zo ne a makare.

Wa ke da makarantar, kuma me ake nufi da kyauta?

Jama'a kan ce makarantar gwamnati, amma hannu huɗu ne a kanta. Gwamnatin tarayya, ta hukumar UBEC da ke Abuja, tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusunta na bai-ɗaya domin tallafa wa jihohi, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da ke Minna, ita ke kula da gini da kayan aiki da horar da malamai. A ƙaramar hukuma akwai ofishin sakataren ilimi, mai lura da tura malamai da duba makarantu, albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Na huɗu shi ne kwamitin al'umma mai kula da makaranta, SBMC, wanda ya ƙunshi hedimasta, wakilin mai gari, malaman addini, iyaye mata da maza, tsofaffin ɗalibai da masu sana'a.

Wannan rabo yana da amfani, amma yana sa a rasa wanda za a tuhuma. In rufin aji ya yaye, ƙaramar hukuma ta nuna jiha. In malami ya daina zuwa, hedimasta ya nuna ofis. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sake tayar da batun. Wasu na ganin zai kusanto da hukunci ga jama'a, ƙungiyar malamai ta NUT kuwa ta daɗe tana fargabar a koma zamanin da ake bin malamai albashin watanni.

Batun kyauta ma yana buƙatar fayyacewa. Dokar 2004 ta hana karɓar kuɗin makaranta, ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu, naira 5,000 ko wata biyu bayan haka. Da wuya a ji an hukunta wani. A aikace kuma iyaye ne ke ɗaukar kuɗin yunifom, takalmi, littafin rubutu, biro, kuɗin tara, da 'yan kuɗaɗen da ƙungiyar iyaye da malamai kan sa. Ga manomi mai 'ya'ya biyar ko shida, akwai wani kuɗin da ba a rubutawa: aikin gona ko kiwo ko talla da yaron zai yi da yana gida.

Yinin ɗan firamare

Yaro a gidan Musulmi a nan yawanci makaranta biyu ko uku yake yi. Da asuba allo, da hantsi boko, da la'asar Islamiyya. Kafin ya fita akwai ɗiban ruwa ko shara, yarinya kuma wanke-wanke ko raino. A makaranta ana farawa da sharar fili, a kaɗa ƙararrawa, a yi layi, a yi addu'a da taken ƙasa, a duba farce da tsabtar kaya, masu makara su sha horo. Daga nan sai aji, a kira suna, a shiga darussa, a fita tara, a dawo har zuwa azahar. Ranar Juma'a ana tashi da wuri.

A cikin aji, salon da ya fi yawa a makarantun karkara shi ne malam ya rubuta a allo, ya faɗa, yara su amsa da murya ɗaya, sannan su kwafa. Wanda ya tsaya a waje zai ji amo ya ce ana karatu. Amma amshi yana ɓoye wanda bai gane ba. Yaro na iya cika littafi da kyakkyawan rubutu, yana zana haruffa yadda ya gan su, bai san sautin da kowanne ke bayarwa ba.

Kalandar makaranta kuma tana karo da kalandar gona. Wushishi ƙasar shinkafa ce, ga fadamun Kogin Kaduna, ga noman rani na madatsar Tungan Kawo, ga masunta da makiyaya. Shekarar karatu tana farawa a Satumba, daidai lokacin da kogi ke cika, hanyoyin wasu ƙauyuka su yanke. Kafin zangon farko ya ƙare girbi ya kama, ana buƙatar yara wajen korar tsuntsu da yanka da sussuka. Zango na uku ya faɗa a shuka da noman farko. Ga kuma ranar kasuwa. Lissafin mai sauƙi ne: yaron da ke fashin yini ɗaya a kowane mako ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa, wanda a shekara 6 ya haura shekara guda cur. Sunansa na nan a rajista, ana ƙirga shi cikin 'yan makaranta.

Abin da alƙaluma ke nunawa

An fi jin adadin yaran da ba sa zuwa makaranta. UNICEF ta daɗe tana ambaton miliyan 10.5 na 'yan shekara 5 zuwa 14, UNESCO kuma a 2022 ta kiyasta kusan miliyan 20 in an haɗa da 'yan shekarun sakandare. Bambancin ya fito ne daga shekarun da kowa ya ƙirga da hanyar da ya bi.

Adadin da ba a cika ambata ba ya fi wannan nauyi. Binciken gida-gida na MICS, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021, ya gwada yara 'yan shekara 7 zuwa 14 da ɗan gajeren labari da lissafi mai sauƙi. Kimanin kashi 27 cikin 100 ne suka nuna ƙwarewar tushe a karatu, kimanin kashi 25 a lissafi. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne. Karkara ta gaza birni, Arewa ta gaza Kudu, 'ya'yan talaka sun gaza na mai hali. Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce: rahoton Bankin Duniya na 2022 ya nuna kusan yara 9 cikin 10 a Afirka kudu da Sahara suna cikin talaucin koyo. Ke nan da yawa daga cikin yaran da ba su iya karatu ba suna cikin aji ne, sanye da yunifom.

Dalilan da suka haɗu

Na farko malami. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, irin wadda Kwalejin Ilimi ta Minna ke bayarwa, amma takarda ba ta tabbatar da an koya wa mai ita yadda ake koyar da karatu ga ɗan aji ɗaya. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malamanta kimanin 33,000 gwajin matakin aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Wasu sun yaba, ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci yadda aka yi gwajin. Ko ma wane ɓangare mutum ya bi, lamarin ya tona yadda ake ɗaukar malamai da alfarma. Akwai kuma rashin daidaito wajen rabo: makarantun cikin gari su tara malamai, na ƙauyen bakin kogi a bar wa mutum biyu ko uku aji shida.

Na biyu cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. In aka tara 70 a darasin minti 35, rabin minti ne rabon kowane yaro, ko da malam bai yi komai ba sai sauraronsu. Na uku rashin abin karantawa. Ba a iya karatu sai da yawan karantawa, yaron da bai taɓa riƙe littafin labari ba kuwa allon bango kaɗai ya sani.

Na huɗu yunwa da ciwo. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, kan naira 70 ga kowane yaro, daga baya 100, ya jawo yara da yawa zuwa makaranta, amma ya yi fama da tsaiko da zargin almundahana, aka dakatar da shi a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Zazzaɓin cizon sauro a damina shi ma yana cin kwanakin karatu.

Na biyar tsaro. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai da ma'aikata a kwalejin kimiyya ta Kagara. A ƙarshen Mayun shekarar aka kwashe ƙananan yara fiye da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina, a kan hanyar da ta fito daga Zungeru, suka yi kusan wata uku a daji. A Nuwamban 2025, bayan sace yara fiye da 200 a makarantar Papiri da ke Agwara, Gwamna Umaru Bago ya ba da umarnin rufe makarantu a faɗin jihar. Ko inda ba a kai hari ba, tsoro yana hana malami kwana a ƙauye, yana hana uwa sakin 'yarta ta bi hanyar daji. A wasu wurare, kamar yankin Shiroro, ajujuwan firamare sun zama masaukin 'yan gudun hijira.

Da wane harshe za a koyar?

A nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa. Tun 1977 manufar ilimi ta ce a koyar da 'yan ajin farko-farko da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, Turanci ya zama darasi, daga aji huɗu a koma koyarwa da shi. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka amince a tsawaita harshen uwa zuwa aji shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe.

Masu goyon bayan Turanci suna cewa da shi ake jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da shi ake neman aiki, kuma yaron da ya makara wajen koyonsa ya shiga sakandare da rauni. Iyaye da yawa ma haka suke gani, shi ya sa suke auna makaranta da yadda yaro ke gaisuwa da Turanci. Masu goyon bayan harshen uwa suna cewa yaro sau ɗaya yake koyon haɗa baƙi da wasali, kuma ya fi saurin kamawa da harshen da yake ji. In ya iya, sai ya ɗauki dabarar zuwa Turanci. Hujjarsu ta cikin gida ita ce gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turanci. Suna ƙarawa da cewa manufar harshen uwa ba a taɓa aiwatar da ita yadda ya kamata ba, babu littattafai, babu horo, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora mata faɗuwar jarrabawa.

Wushishi tana da nata sarƙaƙiyar. Hausa ce harshen kasuwa da cuɗanya, amma a aji ɗaya ana iya samun ɗan Nufawa, ɗan Gwari da ɗan Fulani, wasunsu ba su ƙware a Hausar ba sai da suka fara fita waje. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne malam ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, yaro ya tashi bai iya rubuta ko ɗaya da kyau ba. Duk manufar da aka ɗauka a Abuja, ba za ta yi aiki ba sai da malamin da ya ji harshen kuma yake da littafin koyar da shi.

Wace ce nasara?

Matsayi a aji yana nuna wanda ya fi wani, ba ya nuna abin da aka iya. Na ɗaya a ajin da ya yi rauni zai iya zama na ƙarshe a wata makaranta. Haka kyaututtukan gasar kacici-kacici, muhawara, wasannin guje-guje da faretin ranar yara ta 27 ga Mayu. Suna da amfani, suna koya wa yaro tsayawa gaban jama'a, suna sa gari alfahari da makarantarsa. Amma yara uku ko huɗu ake zaɓa a horar, kofin da suka ciyo kuma ba ya ba da labarin sauran da ke bayan aji.

Jarrabawar shiga kwalejojin tarayya, wadda hukumar NECO mai hedikwata a Minna ke shiryawa, ma'auni ne na waje, kuma ɗan ƙauyen da ya samu gurbi a irin kwalejin tarayya ta Minna, ko ta 'yan mata ta Bida, ko makarantar masu hazaƙa ta Suleja, ya yi abin yabo. Sai dai kaɗan ne ke zama wannan jarrabawa. Shiga ƙaramar sakandare ta jiha kuwa haƙƙin kowane yaro ne a ƙarƙashin doka.

Nan wata gardamar ta taso, ta wucewa aji ba tare da maimaitawa ba. Masu suka na cewa ita ta kashe himma, ta sa ake tura yaro gaba da rauninsa. Masu kare ta na cewa maimaita aji yana sa yaro ya ji kunya ya daina zuwa, musamman yarinyar da ta fara girma, kuma zama a aji guda shekara biyu da salon koyarwa iri ɗaya ba ya gyara komai. Duka biyun sun yarda da abu guda: yaron da ya bar aji uku bai iya karatu ba, manhaja ta wuce ta bar shi, domin daga aji huɗu ana ɗauka ya iya. Ƙoƙarin cusa masa amsoshi ana gobe jarrabawa shi ne fafe gora ranar tafiya, daga nan kuma satar amsa ke samo asali.

Game da makarantun kuɗi, gaskiya ne a yawancinsu aji bai cika ba kuma mai makaranta yana sa ido kan zuwan malamai. Amma da yawa suna ɗaukar malamai marasa horo kan albashi kaɗan, kuma akwai jarabar ba kowa maki mai kyau don kada uba ya cire ɗansa. Tsada ba shaida ba ce, ma'aunin da za a gwada ta gwamnati da shi, shi za a gwada ta kuɗi.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Jihar Neja na cikin jihohin da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, GEP3, ya yi aiki daga 2012, har da ba iyaye tallafin kuɗi don su bar 'ya'yansu mata a makaranta. Tana kuma cikin jihohi 17 na shirin BESDA na Bankin Duniya. Waɗannan sun fi ƙarfi wajen shigar da yara. Ta fuskar koyo, shirin RANA a Katsina da Zamfara da shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun nuna hanya: darasin karatun Hausa kullum a ajin farko-farko, jagoran malami mai tsari, littafi a hannun kowane yaro, da mai zagayawa yana taimaka wa malami a cikin aji.

Akwai kuma dabarar koyarwa daidai da matakin yaro, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, aka fara gwada ta a Borno a 2018. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su rukuni-rukuni: wanda bai san harafi ba, mai haɗa kalma, mai karanta jimla, mai karanta labari. A ware sa'a ɗaya ko biyu a yini ana koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya, ba tare da duba ajinsa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo, inda kowa ke kan nasa karatun, kuma ba a wanke allo sai an biya wa malam ya gamsu. Raunin irin waɗannan shirye-shirye shi ne yawancinsu da kuɗin waje suke tafiya, in wa'adi ya ƙare littafi ya daina zuwa.

Abin da ka iya biyo baya

In aka ci gaba a haka, sakamakon a bayyane yake. Yara za su riƙa isa sakandare ba su iya karatu ba, su faɗi ko su saci amsa, wasunsu su samu takarda su dawo su zama malamai. Uban da ya ga ɗansa ya shekara shida bai amfana ba zai yi wuya ya sa ƙanensa, kuma ba za a ce ya yi wauta ba. Ayyukan da ke zuwa yankin, daga tashar lantarki ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700 zuwa guraben kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke garin, za su tafi ga waɗanda suka samu tushe a wani wuri. Manomin da ba ya iya karanta umarnin da ke jikin maganin feshi ko lissafa bashin taki yana cikin hasara ko da gonarsa ta yi kyau.

Gyaran da ya fi girma na hukuma ne: ɗaukar malamai bisa cancanta, raba su da adalci, biyan su a kan kari, da tsare makarantu. Amma akwai abin da gari zai iya yi ba tare da jiran Minna ko Abuja ba. Uba ko uwa, ko da ba su yi boko ba, za su iya sa wani ya ba yaro ɗan rubutun da bai taɓa gani ba, ya karanta, ya faɗi abin da ya fahimta, sannan a ba shi lissafin canjin kasuwa. Kwamitin makaranta zai iya neman hedimasta ya gaya masa, kowane zango, yara nawa ne a aji uku ke karanta sakin layi, kwana nawa aka yi darasi, malamai nawa suka yi fashi. Masu gari da limamai za su iya sasantawa da iyaye kan ranar kasuwa da lokacin girbi. A ranar rabon kyaututtuka kuma, bayan na ɗaya da na biyu, a kira yaron da ya shigo zango bai san harafi ba ya fita yana karanta jimla, a kira malamin da ya koya masa. Makarantar da za ta iya faɗin adadin irin waɗannan yara, adadin kuma yana ƙaruwa daga shekara zuwa shekara, ita ce ta yi nasara.